Sojojin Baba Ba Za Su Shiga Buhu Ba

Wanda Ya ba mu aron rai Shi ke karɓar abinSa, kuma gare Shi dukkanmu za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Allah Ya karɓi ran mahaifina a gadon asibiti, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas. Mutanen layinmu sun san shi da Mai Agogo, don shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a ɗan shagonsa na bakin kasuwa. Masu son yi masa shaƙiyanci kuma suna kiransa Janar, shi kuwa sai ya amsa da fara'a, har ya ƙame ya sara musu.

Baba, kwana goma sha biyu ke nan ina zaune ina sauraren masu zuwa gaisuwa. An yabe ka, kuma ba a yi maka ƙarya ba. An ce ba ka da abokin faɗa, an ce ba ka wasa da salla, an ce agogon da ya bi ta hannunka sai dai mai shi ya gaji da shi. Amma na lura da abu ɗaya. Duk wanda zance ya kai shi kan sojojinka sai ya yi gyaran murya ya kauce, kamar wani abin kunya ne da ya kamata a rufe tare da kai. Wani dattijo har cewa ya yi, "Allah Ya yafe masa 'yar shiriritarsa," yana ganin alheri ya yi maka. To ni a kan shiriritar nan zan yi magana, kuma da babbar murya. Wanda abin bai yi masa daɗi ba ya ajiye takardar, ban riƙe hannun kowa ba.

Ga wanda bai taɓa shiga ɗakin baya na gidanmu ba, bari in faɗi abin da ke ciki. 'Yan sojoji ne na dalma da na roba, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Suna zuwa ne a kwali, launin toka, ba ido ba baki. Baba ne ke zama ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, daga fuska har maɓallin riga, har igiyar takalmi. A tsakiyar ɗakin akwai wani shirgegen tebur da ya mayar da shi fili: tuddai na soson katifa, itatuwa na waya, kogi na fasasshen gilashin taga da ya shafa wa shuɗi ta ƙasa. Duk ranar Asabar bayan la'asar abokansa biyu ke zuwa, Direba da Likitan Haƙori, a jera runduna biyu a kara. Da tef ake auna tafiyar soja, da 'ya'yan lido ake sanin wanda ya faɗi da wanda ya tsira, kuma akwai littafin ƙa'idoji mai kauri da suka haddace fiye da lambar wayarsu. Wasu sun ce caca ce. Shekara talatin ana zama a teburin nan, ko sisi ba a taɓa ɗorawa a kai ba. Wasu sun ce gumaka ne. Ni dai ban taɓa ganin ya yi musu komai ba ban da fenti, kuma ana kiran salla yake tsoma burushi a ruwa ya miƙe.

Ina ganinka yanzu, Baba, da gilashin masu agogo maƙale a idon dama, ka dafa gwiwar hannu a kan tebur don kada ya yi rawa. Kana da wani burushi da ka aske shi har ya rage gashi uku, shi ne na ido. In za ka ɗiga ƙwayar idon soja sai ka ɗauke numfashi, mu ma da ke kallo mu ɗauke namu ba mu sani ba. Kana da ɗabi'ar lasar bakin burushi don ya yi tsini, saboda haka rabin rayuwarka da jan leɓe ko kore ka yi ta. Umma ta yi faɗa har ta gaji. Ranar da ka tafi ɗaurin auren ɗan maƙwabcinmu da shuɗin leɓe, mako guda ba ta bar maganar ba, kai kuwa ko a jikinka. Ni ma da na zama tela ban tsira ba. Tef ɗina nawa ka sace? In na zo nema sai ka ce ai sojoji sun fi zannuwana bukatar awo.

Mutane sun ga wasa, ba su ga abin da ka yi da wasan ba. Lokacin da Direba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya bar tuƙi, ya kulle kansa a ɗaki yana cewa ya zama kaya, kai ne ka je ka ɗauko shi kusan da ƙarfi. Ba ka yi masa wa'azi ba. Ƙaton burushi ka danƙa masa a hannun da ya mutu, ka ce tuddanka na bukatar fenti kuma kai ba ka da lokaci. Ya yi wata biyu yana shafa wa soson katifa kore, yana zaginka. Daga tuddai ka mayar da shi kan amalanke, daga amalanke zuwa dawaki. Yau da hannun nan yake ɗaure maɓallin rigarsa. Da bakinsa ya gaya mini a asibiti, yana kuka kamar ba shi ne mai tsawa ga fasinja ba.

Ni kaina a gado na koya. Ina 'yar shekara tara na karye a ƙafa, aka ɗaure ni wata uku. Kullum ka dawo daga shago sai ka ɗora mini faranti a cinya, da soja ɗaya da fenti kala huɗu. Na ɓata maka sun fi hamsin, ba ka taɓa cewa kash ba. Amma dole in faɗi gaskiya tunda na ce gaskiya zan faɗa: da na zama budurwa, ƙawayena suka fara ce mini 'yar Janar suna ƙyalƙyala dariya, sai na fara jin kunyarka. Na daina shiga ɗakin. In baƙi sun zo ni ke saurin jan ƙofar. Ka gani sarai, ka ci gaba da fentinka. Wannan abin yana cina yanzu fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma shi ya sa ba zan sake yin shiru ba.

Abin da ya bambanta aikinka da na kowa shi ne datti. In ka gama soja tsaf, riga ta fito, maɓalli na walƙiya, sai ka koma ka ɓata shi. Ka tsinka ruwan ƙasa-ƙasa ka bar shi ya gangara cikin ninkin riga. Ka goga ƙura a gwiwa da busasshen burushi. Ka kwaɓa rairayi mai laushi da gam da fenti ka yi laka, ka shafa a takalmi har ƙauri. Likita ya sha ce maka, "Janar, ka gama kwalliya kuma ka zo ka lalata?" Kai kuma ka ce ba ka taɓa jin an yi tafiyar kwana goma a ƙasa an isa da guga a wando ba. Laka ta fi fuska cin lokacinka. Akwai wani ruwa da ake fesawa a ƙarshe don ya riƙe fenti kada ya goge, amma kai ba ka fesa wa runduna sai ta yi karonta na farko a tebur, wai sai ka ga yadda haske ke faɗa musu a fili tukuna. Rundunarka ta ƙarshe, sojan ƙasa ɗari da ashirin, ka gama ta mako biyu kafin ka kwanta. Ba ta kai ga hawa tebur ba, don haka ba a fesa mata komai ba.

Kwana uku da rasuwarka Gwaggo, ƙanwarka, ta ga kowa na kuka ita kuma ba ta iya zama hannu sake. Ta ce bari ta gyara wa yayanta ɗaki. Ta shiga ta tarar da sojojin rundunar nan ta ƙarshe jere a kan katako, duk laka, duk ƙura. Tausayinka ya kama ta, wai ashe ciwo ya daɗe yana cinka har kayanka suka yi wannan dauɗa ba ka iya gogewa ba. Ta ɗora ruwan zafi, ta zuba garin sabulu a roba, ta samo tsohon burushin haƙori. Guda arba'in da uku ta dirje tas kafin in shigo. Laka ta tafi, riga ta tafi, wasu har fuskar ta tafi, sai dalma tana ƙyalli. Ta ɗago tana murmushi ta nuna mini, ta ce, "Kin ga yadda suka fito?"

Allah Ya yafe mini ihun da na yi mata. Idona ya rufe, na manta da wa nake magana. Ita kuwa ta yi tsuru-tsuru, kumfa na ɗiga daga hannunta, ta ce, "Yo ni ina na san da gangan ne? Wa ke zuba wa abinsa datti da gangan?" Da na huce na je na durƙusa na ba ta haƙuri, don ƙauna ce ta sa ta, kuma a duk gidan ita kaɗai ta taɓa su da niyyar alheri.

Ihun nan nawa shi ya jawo Baffa. Baffa yayanka ne, kuma shi sojan gaske ne. Ya je yaƙi tun kafin a haife ni, ya dawo da ɗingishi da shiru, bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani ba. Shekara talatin yana zuwa gidanmu, ya sha shayi a falo, ya yi hira da kai, amma ko sau ɗaya bai taka ɗakin baya ba. In an ambaci teburin sai ya murtuke fuska ya ce waɗanda ba su san ƙaurin yaƙi ba su ke mayar da shi wasa. Ranar ya tsaya a tsakar gida ya yanke hukunci. Ya ce ya yi haƙuri da abin nan kana raye don kai ƙaninsa ne, amma ba zai zuba ido ana ɗaga wa manya murya a gidan rasuwa saboda tarkacen yara ba. Ya ce ranar Alhamis mai zuwa zai zo da buhuna, a kwashe su kaf a kai bola.

Buhu fa, Baba! Sojan da ba ka yarda a ɗauka sai ta gindinsa, da yatsa biyu, shi za a sheƙa a buhu kamar gawayi. Kafin a kai ƙofar gida bindigogin sun kakkarye, fentin ya zama gari. Sun haura dubu biyu, aikin shekara talatin, kuma babu inda za a sake samun ko ɗaya. Umma ba ta da ƙarfin magana. 'Yan'uwana maza suka ce in rufa wa kaina asiri, Baffa ne babba yanzu, ba a ja da shi. Na ce to su kada su ja. Na kulle ɗakin na ɗaure makullin a bakin zanena.

Alhamis da safe ya zo, da sandarsa a hannu ɗaya, buhuna huɗu a ɗaya. Ya same ni tsaye a bakin ƙofar. Tun ina yarinya tarinsa kawai ke sa in nutsu. Na gaishe shi yadda ya kamata, ya ce in ba shi makulli.

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Sai dai ka fara sa ni a buhun."

Ya ce, "Ke! Ni kike gaya wa haka?"

Na ce, "Kai ne ubana yanzu, duk abin da ka ce zan yi ban da wannan. Shekara talatin kana zagin abin da ba ka taɓa kallo ba. Ka shiga ka duba guda ɗaya tak. In ka duba, sai mu sake magana."

Ina jin fushi ne ya shigar da shi, don ya nuna mini babu abin gani. Ya ɗauki ɗaya daga rundunar ƙarshe, cikin waɗanda Gwaggo ba ta kai gare su ba, ya riƙe shi nesa kamar mataccen ƙwaro. Na miƙa masa gilashinka na agogo. Ya karɓa ya kafa a ido.

Ni na sha ganin sojan nan ban fahimci komai ba. An ɗaure bakin bindigarsa da tsumma. Safa biyu na rataye a wuyansa, a cusa cikin riga. Akwai cokali soke a gefen takalminsa. Na ɗauka ado ne irin naka. Baffa ya ajiye shi ya ɗauki na kusa da shi, ya sake ɗaukar wani, ya sake ɗaukar wani. Ya ce, ba da ni yake ba, "Tsumman nan don kada laka ta toshe bindiga ne. Safar kuma da ɗumin jiki muke busar da ita. Wa ya gaya masa wannan? Babu littafin da ya rubuta wannan."

Umma ce ta amsa daga bayanmu, ban ma san ta taso ba. Ta ce, "Kai ka gaya masa, Yaya. Lokacin da aka dawo da kai, ina amarya, zazzaɓi ya rufe ka kwana uku kana ta sambatu. Shi ya zauna a kanka yana jiƙa maka goshi. Bai taɓa maimaita wa kowa abin da ya ji ba, ko ni."

Baffa ya cire gilashin daga idonsa. Ya juya ya ga arba'in da ukun nan da aka wanke suna ƙyalli a faranti, ya tambayi abin da ya same su, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon su, sannan ya nuna masu lakar da sandarsa ya ce, "Haka muke."

Sai na ga ya zura na farkon a aljihun rigarsa ya nufi ƙofa. Zuciyata ta karye masa, wallahi ta karye, amma na tare hanya. Na ce, "Baffa, ajiye shi. Ɗari da ashirin Baba ya yi su, ba za su fita fili da giɓi ba. In kana son ganin sa, ranar Asabar bayan la'asar yana nan." Ya kalle ni kallon da na tabbata mari ne zai biyo baya. Ya ciro shi, ya tsayar da shi daidai inda ya ɗauke shi, ya kwashi buhunansa ya fita ko sallama babu.

Jiya Asabar muka hau da su tebur. Cikin waɗanda aka wanke guda shida kawai na iya mayar wa kamanni, kuma lakata ba ta kama ƙafar taka ba, kamar an ɗiga musu shayi take. Sauran haka suka fita tsirara. Direba ya ja rundunarka ta da, Likita ya riƙe littafi, ni na ja ta ƙarshe. Muna cikin jeri sai ga ƙarar sanda a tsakar gida. Baffa ya ce Umma ya zo dubawa. Amma kujera ya ja ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya ba mu rabin baya. Muka ci gaba da jeri. Can sai muka ji tsawa: "Wane sakarai ne ya jera mutane kogi na bayansu? In aka matsa su ta ina za su bi?" Ni ce sakaran. Ya taso yana ɗingishi yana faɗa, ya nuna mini tudun da zan kama, ya ce wa Direba ya daina murmushi don bai ci komai ba tukuna. Har aka kira magariba yana tsaye a kan teburin. Da zai tafi ya ce har gobe shirme ne. Ban yi masa musu ba, na dai ce Allah Ya huta gajiya.

Baba, sojojinka na nan inda ka bar su, kuma nan za su zauna muddin ina numfashi. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi, Ya sa haƙurin da ka yi da mutane da bakinsu ya zama nauyi a mizaninka. Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya sada mu da kai a can cikin rahamarSa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Umma, wadda ta yi shekara talatin tana goge fenti a hannun riga tana mita, yau kuma take neman abin gogewa ta rasa. Ga Gwaggo, Allah Ya ba ki haƙurin rashin yayanki, kuma ki daina kuka a kan abin da ya wuce, zan koya miki yin laka da hannunki. Ga 'yan'uwana, ga Direba da Likita, da duk wanda agogonsa ya tsaya ya rasa inda zai kai, Allah Ya ba mu juriya baki ɗaya.

Sai kai, Baffa. Kai ka fi mu rashi, don mu mun san shi tun yana raye. Kai kuwa sai da aka rufe shi ka gane cewa shekara talatin ƙaninka na ɗauke da abin da ka kasa faɗa, yana ajiye maka shi a ɗakin da ka ƙi shiga. Allah Ya sanyaya maka zuciya. Ƙofar a buɗe take gare ka kowace rana, ba sai Asabar ba. Amma buhu kada ya sake shigo mana gida.